Al'amarinki Yana Hannunki

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, har madarar gwangwani ta koma abin da ake fito wa babban baƙo da ita, Malam Zailani na Ƙofar Galadima ya yi abubuwa biyu cikin wata guda. Ya fara rubuta takarda a kan 'yancin mata, ya kuma sayo kwaɗo ya garƙame siton abincin gidansa. Bai ga wata alaƙa tsakanin biyun ba. Mutum ne mai digiri biyu, digiri kuwa yakan taimaki mai shi wajen rashin ganin irin wannan.

Lakcara ne, yana koyar da adabin Turanci a harabar jami'a ta Kongo. Ɗalibai suna kiransa Lauyan Mata, shi kuma yana yin kamar bai sani ba, yana jin daɗi a ciki. Takardar da yake rubutawa, wadda zai karanta gaban manyan malamai a ƙarshen zango, a kan wata mata ce ta cikin wani tsohon littafin Ingilishi mai shafi ɗari biyar da ɗoriya. Sunan matar yana da wuyar faɗi, don haka ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Makullai. Labarinta gajere ne in aka cire bayanin ruwan sama, wanda marubucin ba ya gajiya da shi, Malam Zailani kuwa tsallake shi yake yi don ba manomi ba ne. Matar wani attajirin ulu ce. Wata safiya ta gaji da mijin da gidan, ta kwance damin makullai daga ƙugunta, ta ajiye kusa da butar shayi, ta fice. Ta tafi wani gari na bakin teku ta yi shekara uku tana ɗinka hulunan mata. A babin ƙarshe sai ga ta ta dawo da ƙafarta, ta ɗauki makullanta ta mayar ƙugu.

Masana mata na ƙasashen Turai sun daɗe suna ja-in-ja a kanta. Wasu suka ce fitar ita ce 'yanci, dawowar kuwa marubucin ne ya ji tsoron masu sayen littafi. Wasu suka ce makullan su ne mulki, mulkinta ta koma ta karɓa. Malam Zailani ya duba ya ga an cinye wuraren zama, sai ya shimfiɗa tasa tabarmar a lungun da ba kowa. Shi a wurinsa 'yancin yana nan ne: ba wanda ya je ya ɗauko ta. Da kanta ta fita, da kanta ta dawo. Ran da ya rubuta wannan jimla sai da ya tashi ya zagaya tsakar gida sau biyu.

Matarsa Sailuba ita ke buga masa komai a tafireta. Ta yi kwas ɗin sakatariya bayan sakandare, kuma cikin shekara bakwai na aurensu ta gyara masa kurakurai masu yawa ba tare da ta faɗa ba, shi ya sa ya haƙƙaƙe ba ya kuskure. Littafin ma sau biyu ta karanta shi. Shi sau ɗaya da rabi. Da rana tana buga kalmar 'yanci har yatsunta su yi tsami. Da safe kuma ta tsaya bakin sito, ya buɗe kwaɗo, ya auno mata shinkafa da gwangwanin madara, ya share tozon da ɗan yatsa, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu, ya hau Besfarsa.

Wata ran Litinin gwaggonta Hajo, wadda ta raine ta, ta tako tun daga Ƙofar Kuyambana don ta duba ta. Makulli yana Kongo cikin aljihun mai shi, yana sauraron lacca a kan zaluncin maza. Sailuba ta kawo wa gwaggonta ruwa. Aka yi hira, aka ƙaro ruwa. Tsohuwar ta dubi kwaɗo, ta dubi murhu a sanyaye, ta ce da ta sani da ta ɗauki azumin Litinin ta samu lada, sannan ta yi sallama.

Washegari Sailuba ta buga shafi na goma sha ɗaya har tsakiyar jimla, ta lulluɓe tafireta, ta goya ƙaramar 'yarta, ta kama hannun babbar. Da yake ita ba ta da makullin da za ta ajiye kusa da buta, sai ta kifa gwangwanin awon a kan takardunsa, ta nufi gidan baffanta a Ƙofar Kuyambana. Yaji dai ta yi, irin wanda kowa ya sani.

Kowa kuma ya san abin da ke biyo baya. Yayansa Mika'ilu, maɗinkin manyan riguna da ke wuni a zauren gidan da allura a hannu, ya gaya masa a taƙaice. A bar ta ta huce kwana biyu, ran na uku a sayi goro a tafi biko, shi zai raka shi. Malam Zailani ya gyara tsayuwa kamar yana gaban allo. Ya ce biko al'ada ce da ke mayar da mace kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ya ce shi yana girmama matarsa fiye da ya je ya jawo ta. Da kanta ta fita, da kanta za ta dawo, dawowar nan kuma ita ce cikar mutuncinta. Mika'ilu ya datse zare da haƙori, ya ce, "To."

Kwana uku suka wuce, huɗu suka wuce. Malam Zailani ya gano cewa mallakar makullin sito daban, sanin abin da ake yi da shinkafa bayan an auno ta daban. Ya ƙona tukunya ɗaya, ya ƙwanƙwasa tafireta da yatsa biyu ya ɓata takarda shida. Waɗannan ƙananan abubuwa ne. Abin da ya fi damunsa shi ne shirun gidan, da yadda yakan juya don ya karanta mata jimla mai daɗi sai ya tarar da kujera. Ya gaya wa kansa cewa bugun takarda ne ya tsaya. Kansa bai yarda ba.

Ran kwana na biyar ya samo hanyar da za ta raba shi da biko ba tare da ta raba shi da matarsa ba. Zai rubuta mata wasiƙa. Ya fara da Turanci, sannan ya tuna cewa zuciya da Hausa take ji, ya yage. Ya rubuta cewa gida ba daɗi, ya rubuta cewa ba zai tilasta mata ba. Sai ya tsaya neman yadda zai faɗi babban abin, wato cewa ita ke da ikon kanta, abin da littattafansa suke da kalma guda a kansa, Hausa kuwa ta ƙi ba shi. Ya gwada wannan ya soke, ya gwada wancan ya soke. Can sai jimla ta faɗo masa, gajeriya, mai nauyi, kamar ya taɓa jin ta a wani wuri: Al'amarinki yana hannunki. Ya ja mata layi biyu. Da yake mai ilimi ne, ya sa hannu, ya rubuta cikakken sunansa, ya sa kwanan wata na boko da na Musulunci.

Kande dillaliya, mai yawo gida-gida da atamfofi da kwanuka, ita ya tare a ƙofar gida. Da ta ga ambulan ta ja da baya ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. Ta ce ita shekara talatin tana shiga gidajen mutane ba ta taɓa kai wa mace takarda ba, ba kuma za ta fara da 'yar Hajo ba. Ya yi dariya, ya ce ba irin wannan takardar ba ce, wannan ta girmamawa ce. Kande ta karɓa da gefen mayafi kamar mai ɗaukar murfin tukunya. Kuma da yake tana da tarbiyya, da ta isa ba ta kai wa Sailuba ba. Takardar miji zuwa ga matar da ke yaji hannun maigida take fara shiga. Maigida kuwa shi ne Malam Aƙilu, baffan Sailuba, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana muhuti, mai ba da fatawa a kotun alƙali, kafin ya koma zaurensa yana karantar da fiƙihu.

Ran Laraba da hantsi aka aiko Malam Zailani ya zo. Ya tafi da ƙarfin gwiwa, har da jakar hannu. Ya tarar da tsohon a kan buzu, littattafai jibge a gefe, wasiƙar a buɗe a kan cinyarsa, fuskarsa cike da annuri. Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi Mika'ilu.

"Malam Zailani, Allah ya yi maka albarka," in ji tsohon. "Shekara arba'in ina karantar da wannan babi, ban taɓa ganinsa da rai ba sai da takardar nan ta zo. Na nuna wa ɗalibai da safen nan. Har wani ya ce a bar shi ya taɓa."

Malam Zailani ya ce wane babi ke nan, Baba Malam.

Tsohon ya ɗora yatsa a kan jimlar mai layi biyu, ya yi bayani a natse, irin na wanda ya saba. Wannan lafazi, in ji shi, da shi malamai suke buga misali a babin tamliki, wato miji ya mallaka wa matarsa igiyar aurenta. Da Larabci haka yake kalma da kalma, ba ragi ba ƙari. Wanda ya ce wa matarsa al'amarinta yana hannunta, to ya miƙa mata abin da ke hannunsa. In ta ce ta zaɓi mijinta, aure yana nan. In ta ce ta saki kanta, ta saku. Ya ƙara da cewa ya yaba da kwanan watan guda biyu, don a kotu rashin kwanan wata ne ke ba su wahala.

Sai a lokacin Malam Zailani ya tuna inda ya taɓa jin jimlar. A zauren mahaifinsa ne, yana ɗan shekara goma sha biyu, yana gyangyaɗi. Ya ce to ya janye. Malam Aƙilu ya ce wannan kyauta ce da ba a janyewa. Ya ce wallahi ba abin da ya nufa ke nan ba, shi 'yanci yake nufi, ikon kai, irin na ilimi.

"Ai shi ne," in ji tsohon.

Ya ce amma niyya fa. Ai kowa ya san ayyuka da niyya suke.

Malam Aƙilu ya gyaɗa kai, ya ce wannan tambaya ce ta mai hankali, malamai kuma sun yi magana mai tsawo a kan niyya, shi ma da nan ya so ya ɓullo masa. To amma yarinyar ta kawo masa wani abu. Ya ɗaga buzu ya zaro wasu takardu masu shuɗin tawada, irin waɗanda ake rarraba wa ɗalibai. Malam Zailani ya gane su tun daga nesa. Laccarsa ce ta zangon bara, Sailuba ce ta buga ta.

"Ta fassara mini nan wurin," in ji tsohon. "Wai ka ce in an gama rubutu, marubuci ya mutu, ba a tambayarsa me ya nufa, abin da ke kan takarda shi ke magana. Haka ka ce?"

Malam Zailani ya ce wannan a adabi ne.

"Ashe ku ma kuna da malamai. Na ji daɗin maganar ƙwarai. Da mun san ta a kotu da mun huta." Ya ninke wasiƙar a hankali. "Ta ce za ta ba da amsa ran Juma'a kafin a tafi masallaci. Ni ɗan saƙo ne."

Malam Zailani ya dubi wasiƙar da ke hannun tsohon. A karo na farko tun da ya sayi kwaɗon nan, ya ga abin a fili. Jibi war haka yana iya zama ba shi da mata, kuma da hannunsa ya rubuta, ya ja layi biyu. Ya nemi izinin ganinta. Tsohon ya ce cikin gida ba hurumin maza ba ne, ya shiga ya nemi gwaggonta.

Ya tarar da Gwaggo Hajo a tsakar gida tana matsar man gyaɗa, Kande a gefe ta baje kaya ba mai saye. A ƙofar wani ɗaki asabari a sake, a ƙarƙashinsa yana hango takalman da ya sani. Ya durƙusa ya gaida tsohuwar. Ta amsa tana kallon tunkuza, don suruka ba ta haɗa ido da mijin 'yarta. Ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Duk abin da za ta faɗa masa, Kande take gaya wa.

Ashe kwana takwas ɗin nan ba zaman banza aka yi ba. Kullum bayan la'asar Sailuba tana ba matan gidan labarin Uwar Makullai babi-babi, har maƙwabta suna shigowa da kujerunsu. An riga an rabu mazhaba-mazhaba. Mazhabar Kande ita ce matar ba ta da wayo, da ta tafi da makullan, ya fasa ƙofofi ko ya biyo ta. Wata maƙwabciya ta tsaya a kan cewa shekara uku ana ɗinkin hula ba a yi adashi ba, wannan ba mace ba ce. Hajo kuwa tambaya ɗaya ta riƙe tun babin farko, ta kuma maimaita ta yanzu.

"Kande, wai ita matar nan ba ta da kowa ne? Ba baffa, ba gwaggo? Daga rami ta fito?"

Malam Zailani ya ji an shigo fagensa, ya manta halin da yake ciki. Ya yi gyaran murya ya ce ai Gwaggo nan ne darajar labarin take. Ba ta buƙaci kowa ba. Mijin bai taɓa zuwa nemanta ba, ita ta ga dama ta dawo.

Kande ta ce ai mijin ya zo mana. Ya hau keken doki kwana biyu cikin ruwa, ya isa garin, ya tsaya a tsallaken titi ya leƙa ta tagar shagon hula, kunya ta kama shi ya juya. Ita kuma ta gan shi ta madubi.

Ya ce babu wannan a littafin. Ya faɗa da muryar da yake kashe gardamar ɗalibai da ita.

Daga bayan asabari murya ta fito, ba da ƙarfi ba. "Shafi na ɗari huɗu da goma sha biyu, Malam. Tsakiyar ruwan sama."

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo. Man gyaɗa ya ci gaba da ɗiga a kwano. Shafi goma sha ɗaya na takardarsa suka rushe a tsakar gidan nan ba tare da sun yi ƙara ba.

Hajo ta juya tunkuzarta. Ta gaya wa Kande cewa ita ba dawowar ce ta ba ta haushi ba, arahar ce. Namiji ya leƙo ta taga ya gudu, ke kuma ki tattara ki bi shi. Leƙe ai ba biko ba ne.

"Masu boko sun ce wai biko jawo akuya ne. Akuya ake tambaya me aka yi mata? Rana ɗaya tak Allah ya ba mace, Kande. Namiji ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ga nasa ga nata, ta faɗi abin da ke cinta, ya ce to a gaban shaidu. Wadda ta koma ba biko ta kai ƙafarta, ta baro bakinta. Ita Baturiyar nan da tana da gwaggo, da littafin bai kai shafi ɗari biyar ba." Ta share hannu a zane. "Tambayar mini shi, Kande. Leƙe ya zo ko biko?"

Malam Zailani ya dubi jakar hannunsa, ya dubi takalmansa da ke ƙafarsa har yanzu. Ya ce zai dawo.

Da ya isa gida bai wuce zaure ba. Ya zauna kusa da Mika'ilu ya daɗe yana kallon allura tana shiga tana fita, sannan ya tambaya, a matsayin bincike, goro nawa ake kaiwa. Mika'ilu bai ɗaga kai ba. Ya ce na ran kwana uku daban, na ran kwana takwas daban, na wanda ya rubuta takarda kuwa sai an tambayi masu goro, don shi bai taɓa gani ba. Ran Alhamis Malam Zailani ya buɗe shafi na ɗari huɗu da goma sha biyu. Ga mutumin nan tsaye cikin ruwa, hula a hannu, sakin layi guda cur. Ya karanta sau uku ko zai ɓace. Bai ɓace ba.

Ran Juma'a da hantsi suka isa Ƙofar Kuyambana, Mika'ilu a gaba cikin rigar da ya ɗinka wa wani bai zo karɓa ba, Malam Zailani a baya da ƙullin goro. Ya cire takalmi tun daga waje. Aka shimfiɗa tabarma a zauren ciki, ya ƙi hawa, ya zauna a ƙasa, wandonsa na zuwa aji ya sha ƙura. Malam Aƙilu yana kan buzu, Hajo a bakin ƙofa ta ba su gefe, Kande kuma ta samo dalilin kasancewa a wurin. Mika'ilu ya yi maganar da ake yi, cewa sun zo ba da haƙuri, yaro ya yi kuskure, ilimi ne ya yi masa yawa. Sannan aka kira Sailuba. Ta zauna kusa da gwaggonta, mayafi har goshi. Ya saci kallonta ya ga ta yi ƙiba kaɗan, abin ya sosa masa rai.

Baffanta ya ce ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce kwaɗo.

Malam Zailani ya riga ya shirya wa wannan. Ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a gabanta da hannu biyu, yana jin cewa ko a littafi abin ya yi kyau. Ba ta taɓa shi ba.

"Ban ce a ba ni makulli ba, Baba. Waccan ta littafin ta ɗauki nata, ta koma ƙirga cokula har littafi ya ƙare. Gidan da mutum biyu ne manya a ciki, wa ake kulle wa? A cire kwaɗon."

Ya ce to. Ta ce kuma takardar da yake rubutawa, in zai gyara ta da maganar Gwaggo, don ta ga idonsa ran Laraba ta san zai yi, to ya sa sunan mai magana. Ya buɗe baki zai yi bayanin yadda ake kafa hujja a jami'a, Mika'ilu ya taka masa yatsan ƙafa. Ya ce to.

Malam Aƙilu ya ɗauko wasiƙar. Ya ce saura babbar magana, ga abin da mijinta ya mallaka mata, ga shaidu, me ta ce. Sailuba ta sunkuyar da kai. Ta bar shi yana jira tsawon da za a iya dafa ƙwai. Malam Zailani ya ji kiran sallar Juma'a na farko daga nesa, ya ji kaza tana tono a bayan katanga. Ya lura cewa duk shekarun da ya yi yana koyar da cewa a bar mace ta zaɓa, bai taɓa tunanin inda namijin yake zama ba kafin ta gama zaɓen.

"Zan koma ɗakina," in ji ta. "Amma a ba ni takardata in riƙe."

Tsohon ya miƙa mata. Ta ninke ta huɗu ta soke a gefen zane. Aka yi addu'a, aka raba goro, Kande ta ɗauki biyu.

Da yamma Mika'ilu ya zo da guduma ya ɓalle maratayin kwaɗon daga ƙofar sito. Kwaɗon kansa bai yi kwana ɗaya ba aiki ba. Sailuba ta sa wasiƙar a cikin akwatin tafireta, ta maƙala masa shi, makullin kuma ya koma bakin zanenta. Tun daga ranar, in Malam Zailani yana son a buga masa wani abu, sai ya yi sallama ya tambaya ko tana da sarari, wani lokaci kuma ba ta da shi.

Takardar ta fito a ƙarshen zango da sabon kai, a kan bambancin leƙe da biko. An yaba mata fiye da duk abin da ya taɓa rubutawa. A ƙasan shafi na uku akwai sunan Hajo, Ƙofar Kuyambana, har wani farfesa baƙo ya tambaya a wace jami'a take.

Game da wasiƙar kuwa, duk ɗalibin da ya kai wannan babi a zauren Malam Aƙilu ya san hukuncinta ya faɗi, ba ta da sauran iko, tun ran da Sailuba ta koma ɗakinta, in ma ya taɓa tsayuwa da ƙafa biyu. Mika'ilu ya taɓa tuntuɓar tsohon a wajen wata jana'iza, ko ya kamata a gaya wa mutumin, don har yanzu in ya wuce kusa da akwatin nan rage murya yake yi. Malam Aƙilu ya ce shi a iya saninsa mai tambaya ake ba fatawa, Malam Zailani kuwa bai tambaya ba.